Magana A Kan Maginan Yaƙi Na Amurka Da Abin Tunawarsu

Ya ku malamai da almajirai, ku sani a bakin hanyar shiga maƙabartar sojoji ta Alintan, kusa da birnin Washintan, akwai abin tunawa da aka buɗe a shekarar 1974 saboda wata rundunar sojan ruwa da ake ce wa Sibis, watau ƙudan zuman teku. Su magina ne, da maƙera, da masassaƙa, da masu gyaran inji.

Asalinsu kuwa, a Disamba 1941 Japan ta ci tsibirin Wek, ta kama ma'aikatan gini farar hula da ke can. A dokar yaƙi, wanda ba soja ba ne in ya ɗauki bindiga ba shi da amanar da fursunan yaƙi ke da ita. A 1943 aka kashe 98 daga cikinsu. Tun a 1942 wani babban hafsa, Ben Moreell, ya kafa rundunar magina masu kayan sarki, waɗanda za su yi gini, su kuma kare abin da suka gina. Kafin yaƙi ya ƙare mutum wajen 325,000 sun shiga, da yawansu dattawa ne da suka daɗe a sana'a. Suka yi tasoshin jiragen ruwa, da hanyoyi, da filayen jiragen sama a kan tsibiran da da babu kome sai kurmi.

Felix de Weldon ya ƙera abin tunawar: mutum na tagulla riƙe da hannun yaro, bayansa bango mai surar ayyukansu. Sura dai ba tamu ba ce, malamai sun san hukuncinta, ba sai mun tsaya nan ba. Amma niyyar lissafa mai shebur tare da mai bindiga, wannan adalci ne, gama mayaƙi ba ya kai wa abokin gaba sai ta hanyar da wani ya share.

Sai dai surar ba ta faɗi labari duka ba. Hannuwan nan su suka gina filin tsibirin Tiniyan, inda jirgin da ya jefa bom a Hiroshima ya tashi ran 6 ga Agusta 1945, yara kamar wancan na tagulla suka ƙone ba adadi. Wanda ya karɓi yabon gini, to, a ambaci abin da ginin ya ɗauka.

Mu fa? A wannan yaƙi da Japan ɗin, sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, cikinsu da 'yan Arewa masu yawa, sun yi Bama. Na 81 sun sare hanyar mota ta mil wajen 75 cikin duwatsu da kurmi zuwa kwarin Kaladan, wasu kuma aikinsu ɗaukar kaya a ka. Waɗanda ba a san kabarinsu ba, sunayensu na rubuce a Taukyan kusa da Rangun, inda danginsu ba sa zuwa.

Ba mu roƙon gunki. Muna roƙon kowane malami ya aiki almajiransa gidajen da aka ce kakansu ya yi Bama, su rubuto sunansa, da garinsu, da aikin da ya yi, ko ya komo ko bai komo ba, tun 'ya'yansa da suka ji daga bakinsa suna da rai. Wassalam.