Sudoku Ba Ya Son Canki-Canka, Haka Ma Labari



Makon jiya mu uku 'yan ƙungiya muka taso daga Ikara za mu Zariya. Direba ya tsaya a Makarfi yana jiran a ɗaura masa rake a saman mota. Da jiran ya yi tsawo, sai ɗayanmu ya zaro tsohuwar jarida mai wasan sudoku, muka taru a kanta da biro. Da fari abin ya tafi sumul, can sai muka cije. Wani ya ce, "Malam, sa 4 a nan kawai, ai da alama ita ce." Aka sa. Muka ci gaba da cikawa muna murna, saura gurbi shida mu gama sai ga 9 guda biyu a layi ɗaya. Ba mu san inda ɓarnar ta faro ba, ga shi biro ba ya goguwa. Haka muka naɗe jaridar.

Ra'ayinmu a yau ke nan: abin da ke kayar da mutum a sudoku mai wuya ba ƙarancin basira ba ne, gaggawar canka ce. Kuma ita ce dai ke ɓata labaran da yawancinmu ke saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad.

Ga wanda bai saba ba, allon yana da gurbi 81: layi tara a kwance, tara a tsaye, da akwati tara. Dokar ɗaya ce, kowane layi da kowane akwati ya ɗauki 1 zuwa 9, ba maimaici. Ba tarawa, ba ɗebewa. An fara buga shi a wata mujalla a Amurka a 1979, kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauka a 1984 ya raɗa masa suna, sannan jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a ƙarshen 2004, daga nan ya zagaye duniya.

Amma zuba lambobi a gidajen murabba'i ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya tashi kusa da makarantar allo ya taɓa ganin hatimi. Malam Muhammadu bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 yana bayanin yadda ake gina irin waɗannan murabba'ai, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Mu ɗauki ƙaramin hatimi mai gida tara, inda kowane layi ke ba da 15. Me ya sa 5 ce kullum a tsakiya? Layi huɗu ne ke ratsa tsakiya, jimlarsu 60. Lambobin duka jimlarsu 45. Rarar 15 ta fito ne saboda an ƙirga gidan tsakiya ƙarin sau uku, ke nan 5 ce. Ba sa'a ce ta sa ta a can ba, dole ce. Da wannan idon ake kallon sudoku: kada ka rubuta lamba sai ka iya faɗin dalilin da ya hana ta zama a wani wuri.

Ga dabarun da muka koya bayan kunyar Makarfi, da sunayen da muka sa musu.

Ta farko, rubutun fensir. Idan masu sauƙi sun ƙare, ka bi kowane gurbi ka rubuta ƙanana-ƙananan lambobin da za su iya zama a cikinsa. Aiki ne mai gajiyarwa, shi ya sa ake gudunsa, amma sauran dabarun duk a kansa suke tsaye.

Ta biyu, tagwaye. Idan gurbi biyu a layi ɗaya ba abin da za su iya ɗauka sai 3 da 8, to waɗannan lambobi sun zama nasu. Ba ka san wane ne zai ɗauki 3 ba, amma ka san sauran gurbin layin ba su da rabo. Goge 3 da 8 daga cikinsu. Wani lokaci tagwayen kan ɓuya: gurbi biyun suna ɗauke da wasu lambobin, amma 3 da 8 ba su bayyana ko'ina a layin ba sai a nan. To, sauran lambobin da ke cikin gurbin biyu su ne za su tafi.

Ta uku, nuni. Idan a cikin akwati guda duk inda 6 za ta iya zama a kan layi ɗaya yake, to 6 ta wannan layin a akwatin take. Cire ta daga ragowar layin da ke wajen akwatin.

Ta huɗu ita ce kusurwa huɗu, wadda Turawa ke kira X-Wing, kuma ita ce ke buɗe allunan da suka gagara. A ce a layin kwance na 2, lamba 7 ba ta da wuri sai a tsaye na 3 ko na 8. A layin kwance na 6 ma haka, na 3 ko na 8. Idan ta sama ta zauna a na 3, dole ta ƙasa ta koma na 8. Idan ta sama ta zauna a na 8, ta ƙasa ta dawo na 3. Ko ta yaya aka juya, waɗannan layukan tsaye biyu sun sami 7 ɗinsu. Duk wata 7 da ka rubuta da fensir a sauran gurbinsu, goge ta.

Ku lura, a dabaru ukun ƙarshe ba mu cike gurbi ko ɗaya ba. Gogewa kawai muke yi, har amsar ta rage ita kaɗai.

To ina ruwan marubuci? Mu faɗi namu laifin. Akwai labarin da muka taɓa saki, muka ce jarumar marainiya ce a shafi na 5, saboda muna son masu karatu su tausaya mata. Shafi na 40 sai ga mahaifiyarta tana karɓar lefe. Wata mai karatu daga Kudan ce ta turo mana saƙo: "Yaya, wai Inna ta dawo daga lahira ne?" Maraicin nan shi ne 4 ɗin da muka sa da biro. Ya yi daɗi a lokacin, bai kuma tona mana asiri ba sai da tafiya ta yi nisa, bayan ɗaruruwan mutane sun karanta.

Mun san wasu za su ce rubutu ilhama ce, ba lissafi ba, kuma tsari yana kashe armashi. Wasu kuma za su ce ko gwanayen sudoku sukan gwada lamba su gani. Gaskiya ne, amma da fensir suke gwadawa. Sukan ce "a ce 4 ce nan", su bi sawunta, idan ta kai su ga karo sai su dawo su goge, sun kuma ƙaru da sanin cewa ba ita ba ce. Wannan ba canka ba ce, bincike ne. Daftarinka fensir ne, ka yi duk wasan da kake so a ciki. Ranar da ka danna tura, ka ɗauki biro.

Akwai kuma haƙƙin mai karatu. Sudoku na ƙwarai amsa ɗaya gare shi. A 2012 Gary McGuire da abokan aikinsa a Dublin suka nuna da kwamfuta cewa allon da aka ba shi lambobin farko ƙasa da 17 ba zai yi amsa ɗaya tak ba. Mai rubuta labarin bincike ko na sarƙaƙiyar gida ya riƙe wannan. Idan ka ɓoye wanda ya yi laifi, ka bar isasshen sawu, yadda in an kai ƙarshe mai karatu zai dafe kai ya ce, "Ashe! Ai kuwa ba wanda zai zama sai shi." In ba haka ba, ka sa shi canki-canka ne kawai.

Aikin wannan mako: a ɗauki labarin da ake kan rubutawa, a jera taurarinsa a takarda, kowa da shekarunsa, iyayensa, garinsu, da abin da ya sani da wanda bai sani ba. Kafin a rubuta fitowa ta gaba, a tambayi kai me wannan mutumin ba zai taɓa yi ba. Wanda ya kama nasa kuskuren ya kawo mana mu ƙaru, tunda mu mun riga mun tona namu.

Allah Ya ƙara basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.