Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jami'o'in Arewa



Duk shekara yaranmu 'yan shekara 16 ko 17 suna rajistar JAMB, suna zaɓar jami'ar da ba su taɓa taka ƙofarta ba. Wani don yayansa a can ya yi, wani kuwa mai cike masa fom ne ya zaɓa masa. Da yawa sai ranar tantancewa suke fara ganin inda za su shafe shekara huɗu zuwa shida.

Roƙona ku ware ranakun ziyara kafin a buɗe rajista. Mai son karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello ya san a harabar Kongo zai yi, ba a ta Samaru ba. Mai burin likitanci ya je Shika ya ga asibitin koyarwa da idonsa. A Jami'ar Bayero, yaro ya gane tazarar da ke tsakanin tsohon matsuguni da sabon da ke hanyar Gwarzo, ya yi lissafin kuɗin mota tun da wuri.

Abin da ya fi damuna 'ya'ya mata ne. Uba yakan hana 'yarsa tafiya saboda jita-jitar da yake ji a majalisa. Da za ku bar shi ya leƙa ɗakin kwanan ɗalibai, ya gana da masu kula da su, da hankalinsa ya kwanta.

Ba wani kuɗi mai yawa za a kashe ba. Ɗaliban ajin ƙarshe su zagaya da baƙi, kowace tsangaya ta fitar da malami guda ya amsa tambayoyi, a kuma sanar da ranakun ta rediyo domin 'yan karkara.

Naku,
Wani malamin sakandare