Na'urar da ke Rufa wa Ɗalibi Asiri Cutarsa Take Yi

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ni ɗan Achika ne, burina kuwa in shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Da hutun nan na yi ta gwada tuƙin jirgi mai inji biyu a kwamfutar yayana. Ran nan na kashe injin hagu da gangan, sai jirgin ya miƙe sak abinsa. Yaya ya ce ai wasa ne, in ƙyale. Ni kuwa ban yarda ba.

A jirgin gaske, in injin hagu ya mutu, na dama kan karkatar da hancin jirgin hagu, tilas matuƙi ya taka fedar dama. Kwana biyu muna lalube kafin mu gano wani saiti ne ke yin gyaran a ɓoye. Da muka kashe shi, sai jirgin ya fara gardama.

A 1989, a Kegworth ta Ingila, injin hagu na wani Boeing 737 ya lalace, matuƙa suka kashe na dama mai lafiya. Mutum 47 suka rasu. Shi ya sa na roƙi Yaya kada ya ƙara kunna mini saitin nan.