Sinéad O'Connor: kun ɗauki hijabinta, ina kuka baro maganarta?

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, a yi haƙuri. Duk lokacin da aka ambaci Sinéad O'Connor a wajenmu, abu biyu ake sani: ta yaga hoton Fafaroma, ta musulunta. Sai a lika hotonta da hijabi, a yi kabbara, a wuce. Wallahi wannan ba adalci ba ne ga matar nan.

2/ Jaridun Turai ma haka suka yi mata. Da ta rasu a Landan ranar 26 ga Yuli 2023 tana da shekara 56, hoton kanta a aske suka riƙa bugawa da waƙa ɗaya tilo, wasu ko musuluntarta ba su ambata ba. Kowa ya yanki inda ya yi masa daɗi. Mu koma farko.

3/ An haife ta a Dublin, ƙasar Ireland, a Disamba 1966. Ta sha faɗa da bakinta cewa mahaifiyarta ta azabtar da ita tana ƙarama. Tana da shekara 15, saboda 'yan sace-sace a kanti da gudun makaranta, aka kai ta gidan gyaran hali na An Grianán da sistocin Katolika ke riƙe da shi. Wata 18 ta yi a ciki.

4/ Gidan yana haɗe da irin waɗanda ake kira Magdalene, inda ake tsare matan da aka ce sun ɓata suna, suna wankin kaya ba albashi. Na ƙarshensu sai a 1996 aka rufe. A can wata sista ta ba ta jita ta fara koyon kiɗa. To kun ga, abin da ta zo ta faɗa daga baya ba a jarida ta karanta ba.

5/ Kundinta na farko, The Lion and the Cobra, ya fito a 1987. Shekararta 20, tana da ciki, kuma ita ta jagoranci haɗa shi da kanta. Kamfanin ya so ta tara gashi ta sa guntun siket don kasuwa ta buɗe. Ta je ta aske kan ƙwal. Asalin askin da ake ta yi wa dariya ke nan.

6/ Salon kiɗanta shi ake kira alternative rock, wato rock na 'yan gefe da ba sa bin abin da gidajen rediyo ke so. Muryarta kan fara kamar raɗa, kafin ka ankara ta koma ihu. A wannan kundin akwai "Mandinka", wadda littafin Roots na Alex Haley ya sa ta rubuta.

7/ A 1990 kundi na biyu ya zo, I Do Not Want What I Haven't Got. A ciki ne "Nothing Compares 2 U" take, waƙar da Prince ya rubuta. Ta hau lamba ɗaya a Amurka da Birtaniya da ƙasashe da dama. Hawayen nan na bidiyon, ta ce mahaifiyarta ta tuno, wadda ta mutu a haɗarin mota a 1985.

8/ Abin haushi, yawancin waƙoƙin kundin nata ne, ita ta rubuta, amma da waƙar wani ake tuna ta. Ku nemi "Black Boys on Mopeds", inda ta caccaki gwamnatin Thatcher da yadda 'yan sandan Ingila ke yi wa samari baƙaƙen fata. Baturiya ce fa, tana tsakiyar cin kasuwa, ba wanda ya sa ta.

9/ A 1991 ta ci kyautar Grammy ta ɓangaren alternative, ta ƙi zuwa karɓa, ta ce harkar ta koma bautar kuɗi. Kafin nan ta ƙi yarda a sa taken Amurka gabanin wasanta a New Jersey, har Frank Sinatra ya yi mata barazanar duka a bainar jama'a.

10/ Sai daren 3 ga Oktoba 1992, a shirin Saturday Night Live da ake haskawa kai tsaye. Ta rera "War" ta Bob Marley ba kiɗa, waƙar da aka ɗauko daga jawabin Haile Selassie na Habasha a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963. Ta sauya wasu kalmomi suka koma kan cin zarafin yara. Sannan ta ɗaga hoton Fafaroma John Paul II ta yayyaga.

11/ A nan nake so a nutsu. Hoton na mahaifiyarta ne, daga bangon ɗakinta ta cire shi bayan ta mutu. Kuma ƙorafinta a fili yake: limaman coci na lalata da yara, manyansu na rufa musu asiri. Masu ɗaukar wannan dare a matsayin makamin zagin Kiristoci, ku sani a lokacin ita ma Kirista ce mai son addininta. Har limanci ta karɓa a wani ɓangaren coci a 1999.

12/ Me aka yi mata? Mako guda bayan nan Joe Pesci ya fito a shirin ya ce da yana wurin da ya mare ta, aka yi masa tafi. A New York aka zube faya-fayanta a titi aka bi ta kai da motar daɓe hanya. Bayan kwana 13, a bikin karrama Bob Dylan a Madison Square Garden, dubban mutane suka yi mata ihu, Kris Kristofferson ne ya fito ya rarrashe ta.

13/ Daga nan kasuwarta a Amurka ba ta sake tashi ba. Aka ce mahaukaciya ce. Da ma ai ita ce hanya mafi sauƙi: idan ba ka son amsa maganar mace, ka ce ba ta da hankali, shi ke nan ka huta.

14/ Sai gaskiya ta yi halinta. A 2002 jaridar Boston Globe ta bankaɗo irin wannan rufa-rufa a Amurka. A 2009 rahoton Ryan ya tabbatar da duka da fyaɗe na shekaru a gidajen yara da coci ke gudanarwa a Ireland. A shekarar rahoton Murphy ya nuna yadda manyan cocin Dublin suka ɓoye masu laifi don kare sunan coci.

15/ A 2010 Fafaroma Benedict ya rubuta wa Katolikan Ireland wasiƙar ban haƙuri. A 2013 firaministan ƙasar, Enda Kenny, ya nemi gafarar matan gidajen Magdalene a majalisa. Shekara 17 tsakanin yaga hoto da rahoton Ryan. Ku lissafa yaran da suka shiga hannu a tsakanin, lokacin da ake ta muhawara kan ko ta yi rashin ladabi.

16/ Ita kuwa ba ta daina aiki ba. Universal Mother a 1994. Waƙoƙin gargajiyar Ireland a Sean-Nós Nua, 2002. Ta je Jamaika ta yi kundin rege, Throw Down Your Arms, da Sly da Robbie a 2005. Theology na 2007 daga Zabura da littattafan annabawa ta ɗebo shi. Mai bin waƙoƙin nan bai yi mamakin inda ta ƙare ba, neman Allah take tun farko.

17/ A Oktoba 2018 ta sanar da musuluntarta, daga baya ta ɗauki sunan Shuhada' Sadaqat, tana hawa dandamali da hijabi. Ba waliyyiya ba ce. Ta yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa a idon duniya, ta yi maganganun da ta dawo ta nemi afuwa a kansu. A Janairu 2022 ɗanta Shane ya rasu yana da shekara 17. Wata 18 ta ƙara a bayansa.

18/ To mu dawo gida. A Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, suka fito da sama da mutum 300, ciki har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabo. Makonni kaɗan bayan nan aka buɗe wani a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu, don a gyara musu hali.

19/ Ku ajiye wannan kusa da An Grianán ku gaya mini bambancin. Yaro ya gagara, a miƙa shi ga masu rigar addini, a rufe ƙofa, ba mai tambaya. Idan ya fito ya yi magana a ce ƙarya yake, ko a ce a rufa asiri kada a ɓata sunan malam, kada maƙiya su samu abin faɗa. Da irin wannan hujjar cocin Dublin ya kare kansa shekara da shekaru.

20/ Shi ya sa nake tambayar masu murna: da 'yar nan ce ta tashi a talabijin ta kama sunan wani babban malami ta ce almajiransa na lalata da yara, tafi za ku yi mata ko jifa? Kowa ya amsa wa kansa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

21/ An yi mata jana'iza a Bray ranar 8 ga Agusta 2023, Sheikh Umar Al-Qadri ya jagoranci addu'a, shugaban ƙasar Ireland na wurin. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata. Wanda ke son girmama ta, ranar da yaro ya zo masa da ƙarar wani babba, ko mai rawani ne, ya zaunar da shi ya saurara har ƙarshe kafin ya ce ƙarya ne.