Fim Ɗin Tonya Ya Manta Da Wadda Aka Buga

A watan Janairu na 1994, a birnin Detroit na ƙasar Amurka, wani mutum ya tare Nancy Kerrigan, gwanar wasan zamiya a kan ƙanƙara, ya maka mata sanda a saman gwiwa. Bincike ya nuna tsohon mijin abokiyar gasarta, watau Tonya Harding, yana cikin waɗanda suka ƙulla makircin. Ita Tonya ta amsa laifin kawo cikas ga bincike, aka kuma haramta mata gasa har abada.

A 2017 aka fito da fim mai suna "I, Tonya" a kan rayuwarta. Ba shakka yana taɓa zuciya: ga talauci, ga uwa mai zafin hannu, ga miji mai duka, ga alƙalan wasa masu raina suturarta. Ba laifi a nuna duk wannan. To, amma ita wadda aka buga fa? Da ƙyar mai kallo zai ji muryarta, in ban da kukan da ta yi a ƙasa.

Mutanen Ikara da Makarfi da Kudan ba su san filin ƙanƙara ba, amma sun san fagen dambe da kokawa bayan kaka. A wurinsu, ɗan wasan da mutanen gidansa suka raunata abokin karawarsa a bayan fage, babu makaɗin da zai wasa shi, komai wuyar da ya sha yana yaro.

Kerrigan ta warke, bayan makonni bakwai ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Lillehammer. Wannan ma ta bakin Tonya fim ɗin ya ba da shi.