Littattafan Da Muka Ƙwace

Duk ɗalibin da aka taɓa aika ofishin malamai ya ɗauko alli ya san kwalin nan da ke bayan ƙofa. A cikinsa muke zuba littattafan da muka ƙwace a lokacin karatun dare, da waɗanda uwar ɗakin kwanan 'yan mata ta zaƙulo daga ƙarƙashin katifa ranar binciken akwati. Dokar makaranta ce, mu kuma aka ɗora wa aiwatar da ita. Shekara da shekaru muna ƙwacewa, muna rubuta sunan mai laifi, muna ba ta yankan ciyawa. Abin da ba mu taɓa yi ba shi ne mu zauna mu karanta abin da muka ƙwace. A hutun Kirsimeti da ya wuce muka ɗauki kwalin muka kai gida, kuma abin da muka gani ne ya sa muka roƙi editan wannan mujalla ya ba mu fili.

Bari mu fara da tona asirin kanmu. Mu ma da muke sakandare a tsakiyar shekarun 1990 mun ɓoye littattafai a cikin littafin lissafi. Namu dai na Turanci ne, jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan da na Mills & Boon, waɗanda suke yawo daga hannu zuwa hannu har bango ya fita. Na Hausa kuwa, da ake bugawa a Kano ana sayarwa a kasuwa da tasha, raina su muka yi. Muna ganin karatun waɗanda ba su iya Turanci ba ne. Da wannan rainin muka shiga kwalejin horon malamai, da shi muka fito, da shi kuma muke ƙwace littattafan 'ya'yan mutane.

Na farko da hannunmu ya kai gare shi tsoho ne ƙwarai, takardunsa sun yi ja, an ɗinke bayansa da zare. Alhaki Kuykuyo Ne, na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Mun buɗe shi muna jiran kalaman samari da 'yan mata, sai muka tarar da Rabi, uwar 'ya'ya tara, matar wani ɗan kasuwa a Kano mai suna Alhaji Abdu. Yana da abin hannunsa, amma gidansa na cikin ƙunci. Ya auro wata mace mai suna Delu, rigima ta tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, da shi ta riƙe yaran. Ba mu ajiye littafin ba sai da dare ya raba, kuma da muka ajiye barci bai zo da wuri ba, domin mun san Rabi. Mun san ta a cikin zumuntar mata. Ita ce ke zuwa ofishin ma'aji da kuɗin makaranta ƙulle a bakin zane, canjin ƙosai da na kunu, tana roƙo a karɓi rabi a jira ta zuwa ƙarshen wata.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce: wannan ai labarin gidajen da ake tara mata ne, mu kuwa mace ɗaya muka sani, aure kuma a gaban bagade aka ɗaura shi. Haka koyarwarmu take, ba mu kuwa ja da ita ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, zoben majami'a bai taɓa hana wani magidanci ajiye wata a bayan gari ba, bai kuma hana albashi ƙarewa a gidan burkutu kafin sati ya zagayo ba. Gwauruwar da dangin miji suka kwashe wa kaya kafin a share makoki, ita ma ba sai mun je Kano za mu gan ta ba. Marubuciyar Musulma ce, ta rubuta gidajen da ta sani, ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Duk da haka abin da ta rubuta ya yi daidai da wasu ƙofofi a unguwar mishan.

Akwai inda ranmu ya ɓaci da littafin. Sauƙin da Rabi ta samu, wani ɓangarensa ya zo ne ta hanyar auren 'yarta Saudatu da wani attajiri. Sa'an nan da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu kuma ta zame masa ƙaya, sai aka taru a kan Rabi ta koma ɗakinta, ta kuwa koma. Mun so mu yi jifa da littafin. Daga baya muka tuna sau nawa muka ga an zauna sulhu a gidan dattijon ikkilisiya, aka yi ta ba matar haƙuri, aka karanta mata ayoyin gafara, mijin kuwa ba a tambaye shi ko da kalma ɗaya ta tuba ba. Gafara wajibi ce a kanmu, amma ba mace kaɗai aka ɗora wa ita ba. Marubuciyar ba ta ƙirƙiro wannan ƙarshe don ta faranta wa kowa ba, abin da ake yi ta rubuta. Ba mamaki da littafin ya kai har Indiya, inda aka buga fassararsa ta Turanci, aikin Aliyu Kamal, a 2012.

Kada a ɗauka duk abin da ke cikin kwalin haka yake. Yawancinsu ba su kai a ɓata musu kananzir ba. Saurayi kyakkyawa ɗan mai kuɗi, mota mai sanyi, shafi uku ana lissafa kayan lefe, yarinya ba ta da wani aiki a duniya sai jiran ranar da za a ɗauke ta zuwa gidan bene. Yarinyar da ta sha irin wannan tun daga aji ɗaya, ranar da malamin firamare ko ma'aikacin asibiti ya zo neman aurenta, za ta ga kamar an cuce ta. Har ma waɗanda suka yi suna akwai abin dubawa a cikinsu. A cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya karaɗe Arewa a farkon shekarun 1990, Sumayya ta faɗa rijiya saboda an hana ta talakan da take so, an nufe ta da mai kuɗi. Marubucin yana yaƙi da auren dole ne, muna kuma tare da shi a kan haka. Amma ba mu so yarinya 'yar shekara 15 ta karanta wannan wuri ita kaɗai da tocila a cikin bargo, babu babban da zai ce mata rijiya ba mafita ba ce.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da muke so mu faɗa wa 'yan'uwanmu malamai da iyaye. Ƙwacewa ba ta hana karatun ba, ta dai hana mu sanin abin da ake karantawa. A 2007 an tara irin waɗannan littattafai a Kano aka cinna musu wuta a gaban jama'a, da hannun hukuma. Marubutan ba su daina ba, masu karatu ma haka. Labaran sun koma gidajen rediyo da wayar hannu, ana tura su babi babi ta WhatsApp, inda babu edita babu mai tacewa. Wani abokin aikinmu, wanda muke girmamawa, ya ce mana wasu daga cikin na waya ƙazanta ce zalla. Ya faɗi gaskiya, mun ga wasu, ba kuwa za mu kare su ba. Sai dai yarinyar da ba a taɓa nuna mata labari mai kyau ba, da me za ta auna mummuna idan ta je gida hutu ta ɗauki wayar yayarta?

Labarin so da rikicin gida ba baƙo ba ne a rubutun Hausa, ba kuma baƙo ba ne a wurinmu. Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East aka buga a 1934, labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, da ramuwar da ta biyo baya. An karantar da shi a makarantu shekaru masu yawa, ba wanda ya kai shi bayan ƙofa. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980 daga kamfanin NNPC na Zariya. A makarantar Lahadi kuwa mu da kanmu muke koya wa yara kishin Lai'atu da Rahila a gidan Yakubu, da hawayen Hannatu a gaban gorin Feninna. Bambancin kawai shi ne waɗannan muna zaune tare da yaran sa'ad da ake karanta su, suna tambaya muna amsawa.

Mun kuma tarar da guda na Turanci a kwalin, Stay With Me na Ayobami Adebayo, na 2017. Yejide da Akin sun yi shekaru babu haihuwa, dangi suka kawo masa mace ta biyu, alhali matsalar daga wajensa take, ya sani ya ɓoye. Daga baya ciwon sikila ya shiga gidan. Akwai wuraren da ba na ƙananan azuzuwa ba ne, ba za mu ba ɗan aji biyu shi ba. Amma 'yan aji shida, maza da mata, waɗanda nan da 'yan shekaru za a ce su kawo takardar gwajin jini kafin a sa ranar aure, littafin zai gaya musu abin da darasinmu na kimiyyar halittu ya kasa sa su ji a jikinsu.

Wani abu kuma da muka lura da shi, ko da yake abin dariya ne. Da muka duba littafin horo, sunayen da suka fi yawa a laifin ɓoye littafin Hausa su ne sunayen da Fasto yake kira su karanta nassi da Hausa ranar Lahadi, domin su ne ba sa tuntuɓe a kan ƙ da ɗ. A ina muke tsammani suka koya?

Ba mu ce a soke doka ba. Lokacin karatun dare na karatun jarrabawa ne, wanda aka kama da labari a lokacin a hore shi. Haramcin waya a ɗakin kwana ma ya tsaya yadda yake. Roƙonmu ga hukumar makaranta ƙarami ne: a ware kanta ɗaya a laburare, malaman Hausa da na Turanci tare da wakiliya daga zumuntar mata su karanta su zaɓi littattafai biyar ko shida, har da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba da The Stillborn na Zaynab Alkali, sa'an nan a ba mu Asabar ɗaya a wata mu zauna da manyan azuzuwa mu tattauna. Samari su ma su zo, domin Alhaji Abdu ba daga cikin 'yan mata yake fitowa ba. Mun gabatar da wannan a taron malamai na farkon zango, an ce za a duba.

Tsohon littafin nan mai ɗinkin zare, shafukansa na ƙarshe sun ɓace, sai da muka sa aka nemo mana wani daga Kano kafin muka ga yadda ya ƙare. Da aka dawo hutu muka kira mai shi, 'yar aji biyar, yarinya mai shiru da ba ta taɓa ba mu wahala ba. Ta shigo a tsorace, tana tsammanin wani horon ne. Muka tambaye ta inda ta samo shi, ta ce na mahaifiyarta ne, a ƙasan akwati ta gan shi. Muka tambaye ta wurin da ya fi kama ta, muna zaton za ta ce bikin Saudatu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, inda aka kore su. Haka Baba ya yi wa Mama." Shekara biyar tana gabanmu, ba mu sani ba. Da muka miƙa mata littafin sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malama, don Allah, Rabi ta koma?" Muka ce ta koma. Ta yi shiru kaɗan, ta ce da ma ta yi zaton haka, ta gode mana ta koma aji.