Kyamarar Dala Dubu Biyar Mai Karce Fim

A shekarar 2022 kamfanin Leica na ƙasar Jamus ya sake fito da kyamararsa ta fim, wato M6, a kan dalar Amurka 5,295. Ba a jima ba sai wasu masu saye suka tarar tana karce musu fim. Laifin na farantin ƙarfen da ke danne fim ne domin ya miƙe sosai; in yana da kaushi ko kaɗan, sai ya ja layi a duk hotunan. Kamfanin ya amince ya sauya farantin kyauta, amma hakan bai wadatar ba, domin ba a ganin ɓarnar sai an wanke fim, bayan biki ya riga ya watse. Kamata ya yi a zura wa kowace kyamara fim, a gwada ta tun a masana'anta.